Harbi na iya zama wasa a Zamfara? Muhawara kan ƙaramar bindiga ta .22

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da na daɗe ina son kawowa, ina ja da baya saboda halin da jiharmu ke ciki. Yau dai na ce bari in faɗa, mai yi mini faɗa ya yi.

Kun tuna hoton mutumin Turkiyya nan, Yusuf Dikeç, da ya karaɗe wayoyi lokacin gasar Olamfik ta Faris a 2024, hannu ɗaya cikin aljihu, ɗaya riƙe da ƙaramar bindiga, har ya ci lambar azurfa? An yi ta yaɗawa, amma kaɗan ne suka tsaya tambayar wane irin wasa ne wannan. Shi tasa bindigar ta iska ce, wato wadda iska ke tura ƙwayarta, ba albarushi ba. Amma a gasar akwai rukunin mita 25, na mata da na maza, wanda da harsashin gaske ake yin sa, kuma irin harsashi ɗaya tak aka yarda da shi, wato .22. Lokacin da nake karatu a Amurka na shiga kulob ɗin harbi, da irin wannan bindigar kuma na koya. Ra'ayina shi ne, ga mai son harbi don ƙwarewa da nishaɗi, ba don farauta ko faɗa ba, babu bindigar hannu da ta kai ta amfani.

Ga dalilina. Faɗin harsashinta milimita 5.6 ne, dalmar da ke fita ba ta kai giram 3 ba, alhali ta 9mm da jami'an tsaro ke ratayawa tana kusan giram 8. Ƙirarsa ma daban ce. Harsasan da muka saba gani suna da ɗan maɓalli a tsakiyar gindin kwanso, shi allurar bindiga ke duka wuta ta kama albarushi. Shi .22 ba shi da wannan maɓallin. An zuba sinadarin kunna wutar ne cikin leɓen gindin kwanson a zagaye, allura sai ta daki gefe. Dole tagullar ta zama marar kauri don ta lotsa, tagulla marar kauri kuwa ba ta jure albarushi mai yawa. Daga nan komai ya taso: ƙarfinsa kaɗan, shurinsa a hannu kaɗan, ga araha. A can kwali-kwali ake sayar da shi, mai guda 500, kuma kuɗin harsashin 9mm ɗaya zai ba ka .22 fiye da ɗaya nesa ba kusa ba.

Harbin saiti kuwa maimaici ne, ba ƙarfin damtse ba. Wanda ya harba dubu ya fi wanda ya harba ɗari, in dai yana lura da abin da hannunsa ke yi.

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. To ai in ƙarfinta kaɗan ne, me ya sa ba za a fara da babba ba tun farko, mutum ya saba gaba ɗaya?

Baban Ilham:
Auta, nan ne mutane da yawa ke ɓata hannunsu. In ka ba sabon shiga babbar bindiga, harbin farko zai girgiza shi, ƙarar ta shige masa kai. Daga na biyu jikinsa zai fara kare kansa tun kafin harsashi ya fita: ido ya rufe, kafaɗa ta ɗage, hannu ya danna bakin bindiga ƙasa. Shi bai san yana yi ba, saboda shurin bindigar ya rufe laifin. Sai ka ga harsashinsa duk ya tattaru a ƙasan allo, yana cewa bindiga ce ba ta da saiti. Wannan ɗabi'ar in ta kama mutum, raba shi da ita aiki ne na watanni.

Ita .22 ba ta ɓoye maka komai. In ka fizgi kunama maimakon ka matse ta a hankali, da idonka za ka ga bakin bindiga ya karkace. In numfashinka bai daidaita ba, allo zai gaya maka. Ita ce babbaƙu, sai almajiri ya iya su kafin a kai shi farfaru. Kuma ba ta yara ba ce kawai. A rukunin maza na harbin sauri, mutum na tsaye da hannu ɗaya, allo biyar a jere a nisan mita 25, a ba shi daƙiƙa 8 ya harbe su duka, sannan 6, sannan 4. Ka ƙirga daƙiƙa 4 a zuciyarka ka gani. Wanda ya iya wannan, natsuwarsa ta kai wani matsayi.

Hajiya Babba:
Ɗana, na karanta rubutunka har ƙarshe, kuma na san kai yaron kirki ne, na san gidanku. Amma ka ji tsoron Allah. A Zamfara kake maganar bindiga don nishaɗi? Ni 'yar ƙasar Maru ce. Ƙanena a gonarsa aka harbe shi, fartanya na hannunsa. Matarsa da 'ya'yansa suna nan Gusau a ɗaki ɗaya, shekaru ke nan ba su koma ba. Jikokina in babur ya yi ƙara da dare sai sun shige ƙarƙashin gado. Mu nan ba mu rasa masu iya harbi ba, yawansu ne ya hana mu barci. Ka kawo mana maganar taki ko ta rijiya, ka bar wannan ga waɗanda ƙasarsu ke zaune lafiya.

Baban Ilham:
Allah ya jiƙansa Hajiya, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Ba ni da bakin musa miki, kuma babu gidan da wannan masifa ba ta taɓa ba, har namu. Ba ina kira a raba wa mutane bindiga ba ne, kuma ba na so kowa ya ajiye ta a gida. Abin da na gani a can wuri ne killatacce, da mai kula, da rajista, da ƙa'ida mai tsanani. Tambayata ita ce ko irin wannan na da gurbi a wurinmu, ko ba yau ba.

Tsohon Saje:
Salamu alaikum. Ni na yi aikin soja har na aje, bari in sa baki. Hajiya, Allah shi gafarta ma mamaci.

Abin da Injiniya Baban Ilham ya faɗi kan koyo gaskiya ne, ba ragi. Kuratan da munka horas, wanda ya fi ba mu wahala ba matsoraci ba ne, mai gaggawa ne. Kuma yaran daji da kuka ji suna ɓarin wuta, ba harbi sunka iya ba, feshi sukai. Wanda aka koya ma harbi bisa ƙa'ida, abu na farko da aka cusa mai shi ne tsoron bakin bindiga: ka ɗauka kullum da harsashi ciki, kar ka nuna ta ga abin da ba ka nufin harbi, ɗan yatsa waje har sai ka saita, kuma ka san abin da ke bayan abin da kake harbi. Wanga tarbiyya ce, ba ta'addanci ba.

Amma Injiniya, akwai wurin da nike tsoron maganarka. Ka yi ta cewa ƙarfinta kaɗan, ƙarfinta kaɗan. Yaro in ya ji haka sai ya ɗauka danƙo ce. Harsashin .22 na iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi in an harba shi sama-sama, kuma da ya daki dutse ko ruwa sai ya sauya hanya. Da ƙaramar libarba ta .22 aka kashe Sanata Robert Kennedy a 1968. Da irinta aka harbi shugaban Amurka Ronald Reagan a 1981, harsashi ya shiga huhunsa, kakakinsa James Brady kuwa ya samu rauni a kai wanda bai rabu da shi ba har ya bar duniya. To kar wanda ya fita zauren nan da tunanin akwai bindigar wasa. Babu ta.

Baban Ilham:
Ranka ya daɗe Saje, na karɓi wannan ɗari bisa ɗari. Sauƙinta ga hannun mai harbi ne, ba ga jikin wanda ta sama ba. Ko ƙararta ma, duk da ba ta kai ta manya ba, tana lalata ji in ba a toshe kunne ba, shi ya sa ba a barin kowa ya shiga filin harbi sai da abin kunne da tabarau.

Barista:
Jama'a, kafin a yi nisa bari in shimfiɗa doka, don kar wani ya karanta rabin magana ya jefa kansa cikin rigima.

Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, ba mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. A nan aka sa manyan bindigogin yaƙi, kuma a nan aka sa fistol da libarba kowace iri. Doka ba ta ce ban da ƙarama ba. Wato .22 ɗin da Injiniya ke yabo, in dai ta hannu ce, layinta ɗaya da makaman yaƙi a idon doka, kuma wanda aka kama da ita babu izini ɗaurin da ke kansa bai gaza shekara 10 ba. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, irin bindigar harbin tsuntsaye, da doguwar bindigar wasanni, da bindigar iska doguwa ko ta hannu. Waɗannan Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Na uku su ne na ɗure, irin ta toka da maharba ke riƙewa, su kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha. Kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko mashayi.

Ku lura da kyau, ko bindigar iska sai da lasisi. Da yawa ba su san haka ba.

Kuma kun tuna a watan Yunin 2022 da gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19? Nan take babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Ina kawo wannan ne don a gane cewa harkar makamai ta tarayya ce, ba a Gusau ake yanke ta ba.

Auta:
Barista, to ke nan ɗan Najeriya ba zai taɓa zuwa Olamfik a wannan wasan ba?

Barista:
Akwai ƙungiyar wasan harbi ta ƙasa, kuma soja da 'yan sanda suna da filayen harbi da masu gasa. Hanyar ta cikin hukuma take bi, ba ta ɗakin kwanan mutum ba. Kuma ba mu kaɗai ke da irin wannan tsauri ba. A Birtaniya, bayan wani mutum ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane a watan Maris na 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu, an yi doka a 1997 aka hana bindigogin hannu. Da farko an bar .22 saboda masu wasa, da sharaɗin a ajiye ta a kulob. Kafin shekarar ta ƙare sabuwar gwamnati ta zo ta haɗa har da ita. 'Yan wasansu na Olamfik sai da suka riƙa fita ƙasashen waje yin atisaye. Ƙasa ce mai zaman lafiya da 'yan sanda masu kayan aiki, amma ta ga wasan bai kai ran yaro ɗaya ba. Ina so Injiniya ya amsa wannan.

Baban Ilham:
Tambaya ce mai nauyi, Barista. Amsata ita ce, ko su ba su kashe wasan ba. Sun bar bindigar iska, sun bar doguwar .22 ƙarƙashin lasisi, kulob-kulob ɗinsu na nan suna aiki. Abin da suka cire shi ne wadda ake iya sokewa a ƙugu a fita da ita. Ga kuma ƙasashe irin Jamus da suka bi wata hanyar: sai ka zama ɗan kulob na tsawon lokaci, ka ci jarrabawa, a tabbatar kana zuwa atisaye, a duba inda za ka kulle ta, sannan a ba ka. Kowace ƙasa ta auna halinta. Mu halinmu ya fi na Birtaniya tsanani, don haka ban ce a sassauta wa kowa ba.

Amma ku bar ni in ƙara abu ɗaya kan tarihin harsashin nan, don yana nuna abin da aka yi shi dominsa. Wani Bafaranshe mai suna Flobert ne ya fara ƙera irinsa a 1845, kuma don harbin allo a cikin ɗaki aka yi shi, ko albarushi babu a ciki, sinadarin kunna wutar kaɗai ke tura dalmar. A 1857 kamfanin Smith & Wesson ya fito da gajeren .22 a libarbarsa ta farko. Wanda ake amfani da shi yau, mai ɗan tsawo, a 1887 ya fito, kuma har yanzu bai sauya ba. Kamfanin Ruger da kansa da fistol ɗin .22 ya fara a 1949, kuma jikokin wannan ƙirar na cikin waɗanda aka fi koyo da su a duniya. Abu ya shekara fiye da 130 ana ƙera shi, ba don yaƙi ba, ai akwai abin da mutane suka gani a cikinsa.

Ba na ɓoye aibinsa. Yana da datti, bindiga na saurin cushewa in ba a wanke ta, kuma yakan ƙi tashi fiye da manyan harsasai, saboda wani lokaci sinadarin bai zagaye leɓen duka ba. Wannan ma na cikin dalilan da masana ba sa ba da shawarar dogaro da shi don tsaro. Na allo ne.

Jikan Sarkin Baka:
Ni dai abin da ke ba ni haushi, sai a riƙa magana kamar harbi baƙon abu ne da Turawa sunka kawo muna. Kakana maharbi ne a ƙasar Kwatarkwashi. Tun muna yara akan kafa muna ƙwarya bisa kututture mu gwada kibiya, wanda ya fasa a yi mai kirari. Kafin a ba ka harba-ka-ruga sai ka shekara kana ɗaukar ma manya jaka, kana kallon yadda aka auna albarushi, kuma in ka kuskura ka juya bakinta wajen mutum ko babu komai ciki, ranar sai ka sha kashi. Ga 'yan bindigar sarki da ke buga ta ranar hawan Salla, mata na guɗa, ba wanda ya ce su 'yan ta'adda ne. Wannan tarbiyyar ce ta mutu. Yanzu yaro ɗan shekara 14 shina riƙe da AK, ba wanda ya taɓa koya mai cewa bindiga na da haƙƙi. Ni ina bayan Injiniya, amma in za a yi, a fara da baka da kibiya, namu ne, ba ya son lasisin Abuja, kuma shi ma ana yin shi a Olamfik.

Hajiya Babba:
Ɗan nan, zamanin kakanka mutum na kwana a gona. Kar ka haɗa.

Malam Liman:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. An tambaye ni ta bayan fage me addini ya ce, to bari in amsa a nan kowa ya amfana.

Asalin koyon harbi abin so ne a Musulunci. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fassara ƙarfin da aka umarci a tanada da harbi, har ya maimaita sau uku. Ya wuce wasu sahabbai suna gasar kibiya ya ƙarfafa musu gwiwa. Kuma harbi na cikin abubuwa ukun da aka halatta sa kyauta a gasarsu, tare da tseren doki da na raƙumi. Don haka wanda ya ce gasar harbi wasan banza ce, bai yi daidai ba.

Amma shari'ar da ta kwaɗaitar ita ce ta gindaya iyaka. An hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. An umarci mai wucewa da kibau a kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininsu. An hana a ɗaure abu mai rai a mai da shi abin gwada saiti, wannan kuma ina jan kunnen yaranmu masu harbin ƙadangaru da tsuntsaye don dariya. Sannan bin dokar hukuma a abin da ba saɓo ba wajibi ne, balle a lokacin fitina, inda malamai suka hana ko sayar da makami. Ƙa'ida ce sananniya cewa kawar da ɓarna na gaba da jawo amfani. Hajiya ba ta yi kuskure ba da ta ji tsoro, Injiniya ma bai yi kuskure ba da ya ga alheri a ciki. Abin dubawa shi ne lokaci da tsari.

Sista:
Ni ta wani ɓangare zan zo, wanda ban ga kowa ya taɓo ba. Harsashin .22 dalma ce kusan tsirara, kuma sinadarin kunna shi ma yawanci akwai dalma a ciki. Duk harbi ɗaya ƙurarta na tashi, ta sauka a hannu, a riga, a ƙasa. Mu a Zamfara ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma ta kamu, duk saboda ƙurar dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gida. Na yi aiki da yaran da suka tsira, wasu har yau ba su daidaita ba. Uba ne ke shigo da ita a tufafinsa, jariri ya rarrafa ya sa hannu a baki.

Don haka duk wanda zai yi maganar filin harbi a jihar nan, ya fara gaya mini ina iskar ɗakin za ta fita, wa zai share, da me zai share, ina za a kai ƙasar da ta tara dalma, kuma wa zai riƙa auna jinin masu aiki a wurin. Ƙwayar bindigar iska ma dalma ce, sai dai ba ta da hayaƙi, kuma akwatin da ke bayan allo na tare ta a tattara. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci dole ne a duka biyun. Mai ciki da ƙaramin yaro kuwa ba su da abin yi a wurin.

Baban Ilham:
Sista, Allah ya saka da alheri. A kulob ɗin da na yi akwai injin da ke jan iska daga bayan mai harbi zuwa wajen allo, ba a shara da tsintsiya, ba a shiga da abinci. Duk wannan na son wutar lantarki marar yankewa da kuɗin kulawa. In babu su, gara fili a buɗe mai tudun ƙasa a baya, nesa da rijiya da gona.

To bari in tattara inda na tsaya bayan na saurari kowa. Har yanzu ina kan cewa .22 ce malamar harbi da babu kamarta. Amma a Zamfara ta yau ƙofarta ba ta hannunmu, kuma bai kamata ta zo hannun ɗaiɗaikun mutane ba. Wadda za a iya ƙwanƙwasawa ita ce ta iska ta mita 10. Ƙwayarta milimita 4.5 ce, nauyinta kusan rabin giram. Da'irar tsakiya da ke ba da maki 10 faɗinta milimita 11.5 kacal, ana harbi 60 cikin minti 75, a tsaye, da hannu ɗaya. Duk abin da .22 ke koyarwa na tsayuwa, numfashi da matsa kunama, ita ma tana koyarwa. Manu Bhaker ta Indiya da ita ta ci tagulla biyu a Faris, sannan ta ɗauki .22 ta zo ta huɗu a mita 25. Hanyar ke nan: iska tukuna, wanda ya yi fice hukuma ta ɗauke shi zuwa inda .22 take a kulle a ma'ajiyar gwamnati.

Tsohon Saje:
Wanga ya fi kama hankali. Amma ko ta iskar, kar a ba yaro ya tai gida da ita. Siffarta ɗaya da ta gaske, in ya fito da ita da dare a shingen bincike, ba wanda za ya tsaya tambaya tai. A ƙirga su da safe, a ƙirga da yamma, mabuɗi hannun mutum biyu. In an samu izini, ni zan koyar kyauta, in dai lafiya ta bari.

Hajiya Babba:
Na ji bayanin Malam, na ji na Sista, kuma na ga kun sauko daga inda kuka fara. Amma ni zuciyata ba ta kwanta ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Wa zai tantance yaran da za su shiga? Masu kai wa 'yan daji rahoto a cikinmu suke, wasu ma a unguwa ɗaya muke sallah. Ka koya wa yaro saiti yau, gobe talauci ya ja shi daji, wa ka yi wa aiki?

Tsohon Saje:
Hajiya, wanda za ya shiga daji ba ya jiran kulob, can ana ba shi bindiga ranar da ya isa. Amma tantancewa dole ce, kin yi gaskiya. Mai unguwa ya sa hannu, uba ya sa hannu, makaranta ta sa hannu.

Hajiya Babba:
Sa hannu ba ya hana abin da zai faru, Saje. Ni dai jikokina ba za su je ba. In kun nace, ku fara da bakan da ɗan maharba ya faɗa, mu ga yadda za ku riƙe amanar 'ya'yan mutane shekara ɗaya ko biyu, kafin ku zo mana da wani abu mai kunama.

Auta:
Ni wallahi ko bakan ne ina so. Kuma Yaya, in za a yi a sa da mata, tunda ka ce 'yar Indiya ta ci. Ƙawayena a jami'a da yawa ba su da wani wasa da suke yi.

Barista:
Baka da kibiya ba sa cikin jadawalin dokar makamai, don haka wannan ba ya buƙatar Abuja, sai dai a sanar da 'yan sanda da masarauta saboda yanayin gari, a kuma samu fili mai katanga. Ta iska kuwa sai an yi wa ƙungiya rajista tukuna, a bi ta hukumar wasanni ta jiha, ita ta haɗa mu da ƙungiyar ƙasa, sannan a nemi lasisi. Zai ɗauki lokaci, kuma ana iya hana mu. Kar kowa ya sayi komai ko ya yi odar komai ta intanet kafin takarda ta fito, ina maimaitawa, ko ta iska ce.

Injiniya, ka rubuto abin da kake nufi a shafi biyu, ka sa sharuɗɗan Sista da na Saje a ciki, ka turo mini in duba. Jikan Sarkin Baka, kai kuma ka tambayo mana ko cikin dattawanku akwai mai ɗaure baka har yanzu, da nawa yake yin guda.

Jikan Sarkin Baka:
Akwai wani baffana da bai bari ba. Ranar Juma'a in na tai gida zan tambayo shi, in turo muku hoton waɗanda ke gare shi.